Garin Gwamna ta Saman Katanga: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Kaduna da Sauran Gwamnonin Arewa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna,
da 'yan'uwansa gwamnonin sauran jihohin Arewa 18,
da Shugaban Majalisar Dokokin Jihar Kaduna.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan Allah ya taya ku riƙo.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Shekara 35 na yi ina shaƙar ƙurar alli, galibi a nan Kaduna, yanzu na ajiye aiki ina zaune a Tudun Wada. Ba kwangila nake nema ba. Ba kuma maganar fansho ce ta kawo ni ba, ko da yake in Allah ya ba mu rai ita ma za mu yi ta wata rana. Wani yawo na yi da jikokina uku da suka zo mini hutun Babbar Sallah daga Kano, tun ranar kuma abin yake ci mini rai.

Abokina ne ya tayar da maganar, wato na tsakiyarsu, mai shekara 11, wanda bakinsa bai san girman kaka ba. Muna cin suyar layya ya ce, "Kaka, wai me ya sa kuke ce wa garinku garin gwamna? Mu ma ai muna da gwamna a Kano." Na ce masa ya kwana da shirinsa, gobe zai gani da idonsa. Washegari na sa ɗan maƙwabcina ya tayar da tsohuwar motata, Peugeot 504, wadda a nan Kakuri aka haɗa ta tun lokacin da masana'antun garin ke numfashi. Sai da aka tura ta kafin ta yarda, yaran suna ta dariya.

Ƙofar Gamji muka fara zuwa, bakin kogi, don in nuna musu gadar Lugga, wato Lugard, gwamnan Turawan mulkin mallaka. Ƙaramar gada ce ta ƙarfe, ta masu tafiya a ƙasa, wanda bai sani ba zai wuce ta ba tare da ya waiwaya ba. A Zungeru aka kafa ta a 1904, lokacin da can ne mazaunin Turawan mulkin Arewa. Daga baya aka kwance ta aka kawo ta nan, a 1956 kuma aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa. A kanta na tsayar da su na ce, to, ga farkon amsar. Turawa sun ga Zungeru ba ta yi musu ba, suka nemi wuri mai ruwa, mai fili, wanda hanyar jirgin ƙasa ta ratsa, wanda kuma ba fadar wani babban sarki ba ce. Suka zaɓi bakin wannan kogi mai kadduna, a ƙasar da Gbagyi ke noma tun kafin kowa ya yi mafarkin gari. A 1917 gwamna ya tare a nan da sojojinsa da akawunansa. Kano garin Dabo ce, Sakkwato ta Shehu, Katsina ta Dikko. Kaduna kuwa ba sarki ne ya kafa ta ba, gwamna ne, sunan ya bi ta.

Amaryata, babbarsu, wadda ke aji uku na ƙaramar sakandare, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To shi Luggan mutumin kirki ne, da aka ajiye gadarsa?"

Ranku ya daɗe, wannan tambaya ce da ta cancanci allo a wurin, ba bakin tsoho mai mantuwa kaɗai ba. Na gaya mata abin da na sani. Shi ne ya tura dakarun da suka ci Kano da Sakkwato a 1903. A shekarar ce Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'arsa, aka bi su har Burmi aka kashe shi. A 1906 aka shafe ƙauyen Satiru, kusa da Sakkwato, da ya yi wa Turawa tawaye. Shi ne kuma ya haɗe Arewa da Kudu a 1914 aka sami ƙasar da muke ciki. Na ce mata ba don ƙauna aka ajiye gadar ba, shaida ce. Na san akwai masu cewa a goge sunan mutumin daga gine-ginenmu, ina kuma ganin girman hujjarsu. Ni dai ra'ayina a bar sunan, a rubuta aikinsa a ƙarƙashi, da mai daɗi da marar daɗi, da harshen da yarinyar nan za ta karanta ba tare da ta nemi tafinta ba. Goge suna ba ya dawo da mutanen Satiru, sai dai ya sa jikokinmu su daina tambaya.

Daga nan muka bi ta gaban Lugard Hall. Na sa direba ya rage gudu. Ƙubbar nan tana nan yadda na san ta tun ina yaro, kuma har yau ban ga ginin gwamnati a Arewa da ya kai shi kwarjini ba. Na ce musu a nan majalisar jihar Kaduna ke zama yanzu, amma a da duk Arewa ce ke taruwa a ciki, daga Sakkwato har Borno, daga Katsina har Ilori da Kabba da Binuwai. Majalisa biyu ce, ta wakilai da ta sarakuna. Ku auna da idon zuci: Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Shehun Borno, Sarkin Kano Sanusi, Sarkin Katsina Usman Nagogo, Sarkin Gwandu Haruna, Atta na Igala, Aku Uka na Wukari, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, dogarai cike da harabar, algaita na tashi. A majalisar wakilan Arewa ce, a nan Kaduna, wani malamin makaranta daga Bauci, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe a 1950 ya ce lallai a gyara tsarin mulkin En'e, a lokacin da faɗin haka a gaban masu rawani ba ƙaramar kasada ba ce. Nakan so wannan labari ƙwarai, wataƙila don shi ma mai alli ne.

Duk wannan ta tagar mota na ba su shi. Autansu, mai shekara 8, ya ce, "Mu shiga mana." Na ce ranar hutu ce, kuma ba a shiga irin wurin nan haka kawai. Ya ce, "To yaushe ake shiga?" Na kama gyaran hula.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wani wurin ya faru, wani ginin gwamnati ne da ba zan kama sunansa ba, don ba ƙarar kowa na kawo ba. Tsohon gini ne na zamanin Jihar Arewa, mai kyawun tsari. Muka tsaya a tsallaken titi, amaryata ta ɗaga wayar uwarta za ta ɗauki hoto, tana so ta nuna wa 'yan ajinsu. Sai ga wani mai gadi a guje, yana daka tsawa kamar ya kama ɓarayi. Ya karɓi wayar, ya sa ta goge hoton a gabansa, ya tambaye ni wa ya aiko mu. Na ce, "Ɗana, yi haƙuri, tarihi nake nuna wa yara." Ya ce, "Baba, nan ba wurin tarihi ba ne, ofis ne." Na ba shi haƙuri muka wuce. Yarinyar ba ta sake magana ba sai da muka yi nisa.

Ban ga laifin yaron nan ba. Umarni aka ba shi, kuma duk wanda ya zauna a Kaduna shekarun nan ya san dalilin umarnin. Mun ga abin da ya faru da jirgin ƙasan Abuja a watan Maris na 2022, mun ga wasu kafinsa. Amma maganarsa ta tsaya mini a wuya, domin gaskiyar yadda muka ɗauki garin nan ya faɗa: ofis ne, ba wurin tarihi ba. Talaka ba ya kusantar ginin gwamnati sai in an kira shi, ko yana bin haƙƙinsa, ko ya zo zanga-zanga. Yaron da aka fara gabatar masa da hukuma ta hanyar tsawa, yaya kuke so ya ɗauke ta in ya girma?

Gidan adana kayan tarihi na kan titin Ali Akilu ne ya wanke mana zuciya. Mutane da yawa suna wucewa ta gabansa kullum ba su san ginin tsohuwar hedikwatar NPC, jam'iyyar Sardauna, ba ne, wanda aka mayar gidan tarihi a 1975. A ciki suka ga kawunan yumɓu na Nok. Na ce musu waɗannan sun haura shekara 2,000, masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba, cikin jihar nan tamu. Abokina ya ƙura wa ɗaya ido ya ce kitsonsa ya fi na yayarsa kyau, aka kusa yin faɗa. Ni kuwa abin da na so su fahimta shi ne, tarihin ƙasar nan bai fara da Lugga ba, bai fara da Sardauna ba, kuma ba na Hausawa kaɗai ba ne. Yaron Kafancan da yaron Zariya duk suna da abin nunawa a ɗakin nan.

Sai gidan Sardauna, lamba 1 titin Rabah, wanda yau ake kira Arewa House. A nan na daɗe, har direba ya gaji ya tafi neman shayi.

Ina ɗan shekara tara aka yi abin. Cikin azumi ne, daren Juma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairu 1966. Ban manta yadda mahaifina ya zauna a zaure da rediyo a cinyarsa ba, maƙwabta sun kewaye shi, ba mai cewa uffan. Sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu, wanda shi ma a garin nan aka haife shi har ake masa laƙabi da Kaduna, suka far wa gidan suka kashe Firimiya tare da uwargidansa Hafsatu. A daren nan, a garin nan, aka kashe Birgediya Ademulegun da matarsa, aka kashe Kanar Shodeinde. Nakan ambaci waɗannan da gangan, don mu 'yan Arewa mun saba ba da labarin kamar mu kaɗai aka yi wa mutuwa. A 1970 aka mayar da gidan cibiyar binciken tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ya fara jagorantarta, yau kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai hotuna, akwai takardun gwamnatin Arewa, akwai tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami.

Yaran sun san sunan Sardauna, amma kamar yadda suka san sunan titi. Da suka tsaya a harabar, suka ga girman gidan da idonsu, sai amaryata ta ce, "Kaka, nan ne gidan mai mulkin duk Arewa? Ai gidan wani ɗan majalisa a unguwarmu ya fi shi." Ban ce mata komai ba. Ranku ya daɗe, ku ma ba sai na ce muku komai ba. Darasin da na yi shekaru ina ƙoƙarin cusa wa ɗalibai da baki, gini ya koyar da shi cikin minti biyar.

A nan na ƙarasa wa abokina amsarsa. Na ce daga garin nan aka tsara jami'ar Zariya da gidan rediyo da talabijin na Arewa, duka a 1962. A nan aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957, aka kafa makarantar horar da hafsoshin soja a 1964. Jaridar New Nigerian ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu 1966, mako biyu kacal kafin a kashe mai ita. Gidan gwamnati da ake kira Sir Kashim Ibrahim, sunan Wazirin Borno ne, wanda ya gaji Bature a kujerar Gwamnan Arewa a 1962, shi ma tsohon malamin makaranta. A 1967 aka raba Arewa jihohi shida, Kano ta sami nata gwamnan, ita Kaduna ta riƙe sunan. Ya ce, "To yanzu na yarda, amma dai Kano ta fi kasuwa." Na bar masa wannan.

Da la'asar muka biya ta dandalin Murtala. Tsohon filin sukuwa ne, a nan aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956. Na 1977 kuwa, na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, da idona na gan shi, ina saurayi ɗan kwalejin horon malamai. Dawaki da raƙuma har ido ya gaji, 'yan lifida, 'yan sulke, kowace masarauta da tata ƙawar, ƙura ta rufe rana. Na juya in nuna musu otal ɗin Durbar da aka gina don baƙin bikin, sai na tuna an rushe shi a farkon 2020. Rigimar mallakarsa ta daɗe a kotu, ba ita ce ta kawo ni ba. Abin da na sani shi ne na miƙa hannu ina nuna wa yara abin da babu. Irin wannan ne ke ba ni tsoro. Garin yana sauya fuska, an faɗaɗa tituna, an yi gadar Kawo, ina kuma cikin masu jin daɗin haka, don na sha zaman cunkoso a wurin. Amma in babu rubutaccen jerin gine-ginen da doka ta ce ba a taɓa su, wata rana katafila za ta wayi gari a gaban wanda bai kamata ba, kuma mai tuƙa ta ba zai san abin da ya rusa ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba mai tsada ba ne.

Ku ware Asabar ɗaya a kowane wata a buɗe wa jama'a Lugard Hall, musamman zauren sarakuna. Makaranta ta rubuto tun da wuri, a ba ta lokaci, a caje kowa a ƙofa kamar yadda ake yi a tashar jirgin Rigasa, a haɗa su da mai yi musu bayani. In ana iya tantance ɗaruruwan fasinjoji kullum, yara arba'in da malamansu biyu ba za su gagara ba. Majalisar Ingila, da duk barazanar da take fuskanta, tana karɓar masu ziyara. Ba ma sai an je nesa ba: a Bauci ana shiga kabarin Tafawa Ɓalewa, a Kano ana shiga Gidan Makama da gidan Malam Aminu na Mumbayya, a Sakkwato Hubbare ba ya rabuwa da baƙi. Su kuma 'yan majalisa, ina ganin ba abin da zai rage su in yaran mazaɓarsu suka ga kujerar da suke zama a kai. Wataƙila ma ya sa wasu su riƙa zuwa zaman.

Na biyu, alluna. Inda ake samun bayani a irin waɗannan wurare, galibi da Turanci ne, kamar don Bature aka ajiye kayan. A kafa allo a gaban kowane tsohon gini, a bakin titi inda mai tafiya a ƙasa zai karanta ba tare da ya taɓa ƙofar kowa ba, da Hausar boko da ajami da Turanci. Na ce ajami don akwai dattawa da almajirai masu yawa a garin nan da shi ne karatunsu, su ma garinsu ne. A faɗi shekarar gini, da wanda ya zauna ciki, da abin da aka yanke a wurin. A kuma rubuta ƙarara inda aka yarda a ɗauki hoto da inda aka hana, don mai gadi ya huta, baƙo ya huta. Har sunayen tituna suna buƙatar haka. Direbanmu, saurayi mai takardar difloma, ya yi shekaru yana bin titin Ali Akilu da na Isa Kaita bai san na farko sakataren Firimiya ba ne, na biyu kuma ministan ilimin Arewa. Ba laifinsa ba ne, a zamaninsu aka cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu. An dawo da shi yanzu, alhamdu lillahi, amma tarihin da aka haddace don jarrabawa ba ya kwana biyu a kai.

Masu yin allunan suna nan. Malaman Arewa House suna nan, ma'aikatan gidan tarihi suna nan, ga ma'ajiyar takardun ƙasa a titin Yakubu Gowon cike da rahotannin Razdan da Di'o da ba mai buɗe su sai ɗalibin da ke neman digiri na uku. A haɗa su da masana daga kudancin jihar da dattawan Gbagyi, kada a bar wa ɓangare ɗaya alƙalamin. Kuma don Allah kada a mayar da abin kwangilar siyasa, a rubuta sunan wanda ya ƙaddamar da allo da manyan baƙaƙe, na Sardauna da ƙanana.

Za a ce ina kuɗi. Shi ya sa na haɗa da ku, sauran gwamnoni. Waɗannan gine-gine a ƙasar Kaduna suke, amma da kuɗin gyaɗar Kano da audugar Funtuwa da kuzar Jos da harajin talakan Adamawa aka yi su. Kuna zuwa garin nan taro, jerin motocinku na tsayar da mu a titi, kuna shiga ku fito ku karanta takardar bayan taro. Kuna da NNDC, kamfanin zuba jari na jihohin Arewa, da kuka gada tare, don haka haɗa hannu a kan gadon Arewa ba baƙon abu ba ne gare ku. Kuɗin man motocin rakiyar taro ɗaya zai yi allunan nan har a sami canji. In kowace jiha ta ɗauki nauyin kawo bas biyu na ɗalibai a shekara, daga Yobe, daga Kogi, daga Filato, su kwana biyu su zaga, su haɗu da juna a harabar gidan Sardauna, ina ganin zai fi wasu tarurrukan haɗin kan da ake yi a otal amfani.

Masu yi wa yara bayani kuwa, kada ku ɗauki sababbin ma'aikata. Mu tsofaffin malamai muna nan birjik a Tudun Wada da Kawo da Barnawa da Sabon Tasha, muna zaune a ƙofar gida muna gardamar siyasa. Ku ba mu horon mako guda, da katin shaida, da kuɗin mota. Ni na fara sa sunana, in gwiwa ta yarda.

Da za su koma Kano, autan ya leƙo ta tagar mota ya sake tambayata yaushe za a shiga gidan mai ƙubba. Na ce masa sai Sallah mai zuwa, in Allah ya kai mu. Na riga na yi alkawari, ranku ya daɗe, kuma yaron ba ya mantuwa.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin tarihi,
Tudun Wada, Kaduna.